Baƙuwar Inna ta Gindin Randa

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Inna, mahaifiyar maigidana, ta amsa kiran Mahaliccinta a kakar da ta wuce, an gama yankan gero, dawa na tsaye a gona tana jiran girbi. Ba ta wahalar da kowa da jinya ba. Ta yi sallar walaha, ta ce in dama mata hura kada ta yi kauri. Kafin in kawo, ta kishingiɗa a kan buzunta, shi ke nan.

Gidanmu na Sabon Birni bai taɓa ɗaukar jama'a irin ta wannan makon ba. Dangin uwarta suka zo daga Tsamaye bisa babura. Matan Fulanin wajen Kurawa, waɗanda ta yi shekara da shekaru tana ciniki da faɗa da su a kan nono, suka jera ƙorai a bakin ƙofa, suka ce na yau ba na sayarwa ba ne. Kawu, ƙanenta da ke zaune a Kamarawa, sai washegari ya iso, don hanyar Isa yanzu ba a bin ta sai an tambayi labari. Auta kuwa, 'yarta ta ƙarshe da ke aikin jinya a Abuja, ta tarar an riga an rufe uwarta. Ta shigo tsakar gida da jaka a kafaɗa, ta tsaya tana kallon igiyar shanya. Zanen Inna na kai, ba wanda ya tuna ya ɗauke.

Ni ina tsakanin murhu da ɗaki, amma kunnena na wurin masu gaisuwa. Wata maƙwabciya ta ce, "Wa za ya sake hwaɗa muna gaskiya mu tashi muna dariya?" Wata ta ce ita ba za ta manta ranar da Inna ta leƙo ta katanga ba, ko sallama babu, ta ce mata barkononta ba ƙishi yake ji ba, taki ne ya yi masa yawa. Aminiyar Inna, tsohuwar da suka yi 'yanmatanci tare, ba ta yi kuka ba sam. Ta zauna a ɗakin marigayiya ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Can ta ɗago ta ce da ni, "Ke ɗiyar ga, an ba Baƙuwa ruwa kuwa? Kada a bar marainiya da ƙishi."

Ba ita kaɗai ba, duk macen da ta san ɗakin nan sai ta tambayi Baƙuwa. Wannan ƙaunar tasu ce ta kusa raba mu da ita, kuma har yau ba mu gama fita daga tsoro ba. Shi ya sa ba za ni iya ba da labarin Inna ba sai da nata.

Baƙuwa ba mutum ba ce, shuka ce a tukunya. Auta ta ce masu ita okid suke kiranta, amma Inna ta ce wannan sunan ba zai zauna a bakinta ba. Ganyenta faffaɗa ne mai kauri kamar harshen sa, wasu nan wasu can, saiwoyinta kuma suna leƙowa waje kamar yatsu. Shekarun baya Auta ta ɗauki Inna zuwa Abuja aka cire mata yanar ido. Wata abokiyar aikin Auta, Bayaraba, ta kawo mata shukar a matsayin dubiya, da fararen furanni a jere a kan siririn kara. Inna Bagobira ce mai tsage har kunne, ga Bayaraba ta kawo kanta, ai wasa ya samu.

Ta ce mata, "Haka kuka dubiya garinku? Uwar ɗakinki na kwance ki kawo mata ciyawa? Ina tuwo?"

Bayarabar ta ce ai baiwa ba ta zaɓen kyauta. Aka yi ta dariya har masu gadon gefe. Amma da aka kwance wa Inna bandeji, furen nan ne abu na farko da ta gani tar da sabon idonta. Da furannin suka zube aka ce a yar da tukunyar, ta ce ba a yar da mai rai. A cinya ta riƙo ta tun daga Abuja har ƙofar gidan nan, ta hana yaron mota ya sa mata hannu.

Ba a jima ba Kawu ya zo gaishe ta, ya tarar ta tafi suna cikin unguwa. Ya ga shuka a tukunya ba ƙasa, sai 'yan ɓawon itace, ga saiwa a waje tana shan iska. Mutumin da ya tsufa a gona, tausayi ya kama shi. Ya zazzage ɓawon, ya cika tukunyar da baƙar ƙasar fadama da kashin awaki, ya danna da babban yatsa, ya kwarara ruwa. Da ta dawo ya ce, "Yaya, na yi miki aikin lada. Wane mugu ya ba ki shuka da yunwa?"

Gaskiya Inna godiya ta yi masa a ranar, don ita ma 'yar manoma ce, abin ya yi mata daidai a ido. Sai ganye ya fara yamutsewa yana laushi kamar tsohon takalmi. Ta ƙara ruwa, ya ƙara langaɓewa. Ina nan tsaye ranar da ta kife tukunyar a kan faifai. Wari ya tashi. Saiwoyin nan da suka zo kore shar da rai, duk sun koma baƙaƙe, in ka matsa sai ruwa, fatar ta saluɓe ta bar zare. Biyu kawai suka tsira, su ma don sun ƙi shiga ƙasar.

Zuwan Kawu na gaba ba a sha da daɗi ba.

Ta ce, "Kai gero kas sani, komi gero na gare ka. Ko jinjiri anka ba ka, taki za ka zuba mishi."

Ya ce, "Shukar da tar raina ƙasar Gobir ta koma garinsu mana! Ba a ci, ba a miya, ko akuya ba ta ƙoshi da ita."

Ta ce, "Kaucin da ke bisa itace, wa ka kai mishi taki? Ba ga shi yana rayuwa ba? Kowane mai rai da irin cimarsa."

Ya ɗauki sandarsa ya fita ko hura bai sha ba. Suka yi ta gaba har azumi ya zo ya wuce. Sai ana gobe sallah ga ɗan saƙo daga Kamarawa da ƙullin busasshen ɓawon itace da gawayin ƙirya, wai in ji Kawu a ba sarauniya. Inna ta juya ƙullin, ta taɓe baki, ta ce, "Gawayin dai mai kyau na." Da yamma ta sa aka kai masa kaza soyayya. Ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri, kuma ba su sake tayar da maganar ba.

Yadda ta ceci Baƙuwa a wancan karon ma abin kallo ne. Ta sa reza a wuta, ta bar ta ta huce, ta yanke duk ruɓaɓɓen, ta barbaɗa garin kirfa a bakin yankan kamar yadda Auta ta gaya mata ta waya. Tukunya kuma ta ce ba ta son mai riƙe ruwa, sai ta ɗauko ƙaramin madambaci, tukunyar nan mai huji-huji a gindi da ake turara dambu, ta zuba gawayi da ɓawo. Ta ajiye ta a gindin randa, kan yashin nan mai sanyi, kusa da tagar gabas, ta rataya tsohon mayafi shara-shara don ya tace rana. Zafin garin nan da ke kashe kaji, a wannan lungun kaɗai yake jin kunya.

Kullum da safe in ta gama lazimi sai ta jawo kujera 'yar tsugunne. Ta goge ganye ɗaya-ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ɗaga ta duba bayansa, ta shinshina. Sannan ta ƙwala mini kira. Amarya take ce mini har na aurar da 'ya.

Wata rana na ga ganyen can ƙasa ya yi rawaya, na rugo da reza don in nuna na iya. Ta ce, "Amarya, aje rezar nan. Diba da kyau. Na ƙasa-ƙasa na, shi kaɗai, kuma sannu-sannu shika rawaya. Wanga tsuhwa na, ba ciwo ba. Bar shi shi hwaɗi da kainai. Ni da kika ga na yi hurhura, yanke ni za ki yi?"

Wata bazara iska ta ɗage mayafin ba mu lura ba. Sai ga farin tabo a ganye, daga baya ya yi ƙasa-ƙasa ya bushe kamar takarda. Hankalina ya tashi. Ta danna wurin da yatsa, ta nuna mini a gefen da ke kallon taga kaɗai yake. Ta ce ƙunar rana ce, ba ta warkewa, ba ta kuma yaɗuwa, a gyara labule a bar ganye da tabonsa. Amma da damina ta zo wani tabon ya fito, ɗan ƙarami mai ruwa-ruwa da ɗoyi, wanda da safe yake kamar ƙwayar wake, kafin la'asar ya kai goro. Wannan ko cin abinci ba ta tsaya yi ba. Ta yanke shi har cikin lafiyayyen nama, ta sa kirfa, ta kai guntun cikin murhu da kanta. Tun daga ranar ta kafa doka: ruwa da safe kawai, a saiwa ba a ka ba, in kuma ɗigo ya faɗa tsakiyar ganye inda sabo ke fitowa, a murɗa bakin zane a tsotse shi.

Akwai shekarar da wasu fararen ƙwari kamar auduga suka maƙale a bayan ganye, wurin ya yi danƙo. Ta naɗa auduga a tsinke, tana tsomawa a ruwan sabulu da ganyen dogon yaro, tana tsince su ɗaya bayan ɗaya tana yi musu faɗa. "Ku ci na uwarku! Wa yag gayyace ku?" Duk Juma'a sai ta sake, har suka ƙare.

Abin da ta fi nanata mini shi ne yamutsewar ganye, don a nan ita ma ta taɓa faɗawa. Takan ce, "Mai ƙishi da wanda ruwa yac ci, duk baki buɗe suke. In kin ga ganye ya yamutse kada ki ruga ga moɗa, tambayi saiwa tukuna." Saiwa in ta yi fari-fari kamar azurfa kuma da tauri, a ba ta ruwa. In tana kore shar, ta ƙoshi. In ta yi baƙi da laushi, ta mutu, kuma ruwa ne ya kashe ta.

Ba shuka kaɗai take yi wa wannan kallon ba. Ina da cikin ɗana na uku na riƙa jin jiri, ko tsintsiya na ɗauka sai haki. Mutane suka ce laulayi ne, wasu a bayan ido suka ce son jiki. Inna ta kira ni gaban taga, ta ja fatar idona ƙasa, ta buɗe tafin hannuna ta duba. Ta aika aka kira ɗanta daga kasuwa, ta ce, "Kai, ɗauki ɗiyar mutane ka kai asibiti yanzu. Jini na babu." Haka kuwa aka tarar. Ta karɓe mini girki har na yi arba'in, kullum ga zogale ga hanta, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa goranta mini ba.

Ba za ni ce ba ta da nata ba. Inna ba ta iya ganin shukar wani ta yi shiru, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Jikokinta sun sha ranƙwashi a kan gindin randa. Ta taɓa baro bikin jikar aminiyarta ana tsakiyar kamu, wai ta tuna ba ta saki mayafin taga ba. In kuma ta yi kuskure, sai dai ka ji ta canza zance.

Duk wannan hidimar, Baƙuwa ba ta sake yin fure ba tun zuwanta. Ganye dai, saiwa dai. Inna takan ce ita ba don fure take yi ba, amma na sha ganin ta tana leƙa tsakanin ganye. Sai a ƙarshen daminar nan, da gari ya riƙa kwana da sanyi, wani ɗan tsiro ya leƙo. Na ce saiwa ce. Ta ce, "Saiwa kanta mulmulalle na, kuma ƙasa taka nema. Wanga sama ya nuhwa. Kara na, Amarya!" A take ta sa na kira mata Auta. "Ki nemi hutu ki taho, Baƙuwa za ta yi magana." Karan ya yi tsawo, ya jera 'ya'ya ƙanana kamar gujiya. Ba ko ɗaya da ya buɗe Allah Ya karɓi abinsa.

To, a wajenmu mace ba ta watsar da ragowar ruwa a banza in akwai mai rai kusa. Ga ɗaki cike da mata, wannan ta sha ta rage, waccan ta yi alwala buta ta yi saura, kowacce kuma ta san matsayin Baƙuwa a zuciyar marigayiya. Sai kowacce ta juye mata, da niyyar sadaka. Ni ina bakin murhu ban sani ba. Bayan sadakar uku na shiga ɗebo ruwa, na tarar da aminiyar Inna ta kafa moɗa a tsakiyar ganye tana tsiyayawa, tana cewa, "Allah Shi kai ladan kabarinta." Yashin gindin randa ya zama taɓo, madambacin ya nutse a ciki, hujin duk sun toshe.

Na so in hana ta. Amma wace ce ni da za ni ce wa tsohuwar da ta rasa ƙawar ƙuruciya ta daina sadaka? Na fita tsakar gida na ɗauko tukunyar da Inna ta shuka ɗaɗɗoya a ciki, na ajiye a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce, "Iya, ga wagga ita ka son ruwa. Nan Inna ka zuba sauran alwala kullum." Gaskiya na faɗa kuwa. Ta ce, "To, to, Allah Shi yi miki albarka." Na ce ɗakin ya cika kada a ture Baƙuwa, na ɗauke ta na kai ɗakina, na tsotse ruwan tsakiyarta da bakin zane.

Sai dai aikin gama ya gama. Kafin mutane su watse ganye ya yamutse, ɗaya ya fito da tabon nan mai ɗoyi. Na kira Auta, muka shimfiɗa faifai muka kife madambacin. Ta sa hannu tana matsa saiwoyin ɗaya-ɗaya, suna fashewa da ruwa. Ɗaya ce tak mai tauri, sai wata rabi. A samansu ga kara tsaye da 'ya'yansa, kamar bai san abin da ake ciki ba.

Na ce, "Auta, saiwa guda ba ta ciyar da uwa da kara."

Ta ce, "Na sani, matar Yaya. Ba sai kin hwaɗa ba, na gani da idona."

"To, yanke shi za ni yi."

Ta riƙe mini hannu. "Ki bari ko guda shi buɗe. Guda ɗai. Don shi tak kira ni. Maganar ƙarshe da munka yi ke nan, ni kuma nic ce mata sai wata ya ƙare."

Ni ma ina son in ga furen nan, ban taɓa ganinsa ba sai a bakin Inna. Maigida ya leƙo, ya ga abin da ke kan faifai, ya ce shi ba ya iya kallo, ya juya. Da ƙyar na ce, "In munka bari, ƙila ki ga hure sau guda. Bayan nan ita ma sai mu kai ta. In munka yanke, ban yi miki alkawarin komi ba, amma tana da hanya."

Ta daɗe tana kallon karan. Sannan ta tashi ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, irin wankin aikinsu. Ta ce, "Ba ni rezar. Ni tak kira, ni za ni yi." Ta sa ta a wuta, ta jira ta huce, ta yi bisimilla, ta yanke karan daga tushe. Ta bi ruɓaɓɓun saiwoyi da tabon ganyen ta gyara, ina barbaɗa kirfa. Muka bar Baƙuwa a inuwa ta sha iska har yankan ya bushe, sannan muka mayar da ita cikin sabon gawayi.

Karan muka tsoma a kofin ruwa, ko Allah zai sa. Bai sa ba. 'Ya'yan suka yi rawaya suka zube ɗaya bayan ɗaya. Auta ta tsince su ta ƙulle a bakin mayafinta, da su ta koma Abuja.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya yi mata rahama, Ya sanyaya makwancinta. Ya sa idon da ta duba bayinSa da shi, masu baki da marasa baki, ya zama haske a gare ta ranar da ba wani haske sai naSa. Ya ba 'ya'yanta da ƙanenta da aminiyarta haƙurin rashinta. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Baƙuwa na nan a wurinta. Tsofaffin ganyen ba su miƙe ba, kuma ba za su miƙe ba, haka za su tsufa a yamutse. Duk Juma'a Auta na kira, kuma kafin ta tambayi yayanta ko yara sai ta ce, "Matar Yaya, ya mai jiki?" Makonni ina ce mata da sauƙi, irin da sauƙin da ake faɗa don kada a yi shiru.

Wannan Juma'ar da ta tambaya na ce, "Ta hiddo sabuwar saiwa. Kamar ƙwayar shinkahwa, kanta kore shar."

Sai na ji ta ja hanci, ta ce, "Kore shar? To, kada ki ba ta ruwa yau."

Na ce, "Ban ba ta ba."